Satar Amsa a Asibitin Ido

Har gobe ba zan manta da ranar da aka kama ni da satar amsa ba, ga furfura a gemuna, kuma a gaban matata.

Lokacin ina ɗinki a Fagge, bayan la'asar kuma in tafi ajin yaƙi da jahilci. Ba ni da saurin ɗauka (wata uku na yi kafin b da d su daina yi mini kama), amma ina da haƙuri, har na fara haɗa baƙi ina karanta layi guda ba tare da na yi gumi ba. A daidai nan ne Hajara, mai ɗakina, ta lura da cewa ina yawan shure buta, kuma mai keke sai ya zo gab da kafaɗata nake ganinsa.

"Malam, idon nan a duba shi," in ji ta.

Na yi ta kauce mata. Tsorona ɗaya ne, kada a ce in ajiye littafi, ni da yanzu na fara jin daɗinsa. Da ta matsa, muka taka zuwa asibitin ido a Sabon Gari.

Ma'aikacin da ya karɓe ni Malam Ra'ufu ne, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya ce, "Baba, gwaji za mu yi."

To ni gwaji ɗaya na sani, na aji, wanda ake ci ko a faɗi. Nan take na ƙudura ba zan faɗi ba.

Ya rufe mini ido ɗaya, ya zaunar da ni gaban wani baƙin ƙyalle mai farin ɗigo a tsakiya. A hannunsa akwai siririyar sanda baƙa da ɗan farin abu kamar maɓalli a bakinta. "Ka kafa ido kan ɗigon, kada ka motsa shi. Zan riƙa shigo da maɓallin daga gefe. Da ka hango shi, ka ce ka gani."

Muka fara. Shiru, ban ga komai ba. Sai na ɗan saci kallo.

"Baba, idonka na yawo."

Na mayar da shi. Amma tela ne ni, kunnena ya san ƙarar yadi. Na lura duk sa'ad da ya motsa hannu, rigarsa mai sitaci tana ɗan yin ƙaras. Shi ke nan, na samu dabara. Ƙaras, "Na gani." Ƙaras, "Na gani." (A raina har ina yaba wa kaina.) Can na sake jin ƙaras, na ɗaga murya, "Na gani!"

"Me ka gani, Baba?"

"Maɓalli mana, fari tas."

Daga kan benci a bakin ƙofa na ji muryar Hajara a hankali: "Malam, sandar tana kan tebur."

Na waiga. Ashe bawan Allah hankici ya ciro yana share wuya. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige da hulata.

Bai yi dariya ba (Hajara ce dai ta tusa mayafi a baki). Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Nan ba a ci, ba a faɗi. Wurin da ba ka gani, shi nake nema. In ka ɓoye mini shi, me likita zai yi wa magani?"

Muka sake daga fari. A karon nan na yi ta zama shiru, shiru mai tsawo, sai maɓallin ya matso sosai sannan in yi magana.

Bayan likita ya duba, Malam Ra'ufu ya kawo mini takardar gwajin. Kowane ido da da'irarsa babba, a cikinta ya ja wani layi karkatacce. "Babbar da'irar ita ce abin da lafiyayyen ido ke ɗauka. Cikin layin nan shi ne naka. Idon dama gefensa ne ya ɗan ragu. Na hagu kuwa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa kake. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma maganin ɗigawa zai iya tsare saura, in ba ka yi wasa da shi ba."

Na ce, "Karatu fa?"

Ya ɗora yatsa a tsakiyar da'irar, wurin da ba a taɓa ba. "Da nan ake karatu. Ci gaba da abinka." Ya rubuta wani abu a jikin kwalbar maganin ya miƙo mini. "Karanta wa Inna ta ji."

Na bi shi baƙi baƙi: "Sa-fe da yam-ma." Hajara ta juya kai tana goge ido.

Abin da na koya ke nan, "ban gani ba" ma amsa ce. Da na ci wannan gwaji yadda na so, da yanzu riƙe mini sanda ake yi.