Ranar da Alhaji Mamman ya ciji Malam Idi

Ko zan manta da ranar da aka yi mini kaciya, ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na tara dattawan unguwarmu a zaurena don su ga kifi. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, kamar an kara mini garwashin shayi.

Bari in faro daga tushe. Na yi shekaru ina cin rani a Ikko, ina gadin wani shago da ake sayar da kifin ado, irin wanda ba a ci, sai dai a sa shi cikin akwatin gilashi a zauna ana kallo (e, akwai masu irin wannan wadatar). Da gwiwa ta fara ƙara na ce zan koma Matameye gaba ɗaya, mai shagon ya sallame ni da akwati guda, da buhun gishirin teku, da duwatsu masu ramuka, da ɗan injin motsa ruwa, da kifi ɗaya ja wur mai zane baƙi, bai wuce babban yatsana ba. Ƙaramin kifin mala'ika suke ce masa. Wahalar da na sha kafin in ƙetaro iyaka da shi a raye, ko wanda ya tafi Makka da ƙafa bai sha ta ba.

Na dawo na tarar gida ya yi mini faɗi. Mai ɗakina Allah ya yi mata rasuwa tun bara waccan, yara kuwa kowa ya kama gabansa, wani Damagaram, wani Aljeriya. Abin da na sa rai a kai shi ne fadarmu, wadda tun muna samari a ƙofar gidana ake shimfiɗa tabarmarta, a ɗora shayi bayan la'asar. Ashe tun da Alhaji Mamman ya kafa pano mai ɗaukar hasken rana ya sa tele, wato talabijin, a shagonsa, fada ta tashi ta koma can, har da butar shayin. Na bi su. Kowa ya ba ni ƙeya yana kallon ƙwallo. Na ba da labarin da a da sai an riƙe ciki don dariya, babu wanda ya ko waiga. Na tattara girmana na dawo.

Sai zama ya koma daga ni sai kifi. In dafa shayi, in sha na fari, in sha na biyu, na ukun ma ni. Da zafi ya shigo, ni in jiƙe da gumi, shi a sayo masa ƙanƙara a leda a jefa masa cikin ruwa. Saboda yadda yake turo ciki gaba yana zagaya duwatsu kamar mai duba haja, na raɗa masa Alhaji Mamman. Duk abin da na kasa faɗa wa mai sunan, shi nake faɗa wa. Bai taɓa katse ni ba.

Wata rana na dube shi yana kai da komo shi kaɗai, tausayi ya kama ni. (Yanzu na san ko wa nake tausaya wa, amma a lokacin na rantse kifin ne.) Na buga waya Ikko wurin mai shagon kifin na ce ya aiko mini da guda biyu irinsa.

Ya ce, "Baba, wannan kifin ba ya son ganin ɗan'uwansa. Wanda ya riga zama, a wurinsa akwatin duka nasa ne, kuma naka ƙarami ne. In ya zama dole, ka fitar da tsohon, ka sauya wa duwatsu zama, ka zuba su lokaci guda, kowa ya zama baƙo."

Na yi dariya na ce, "Wannan halin kifin Ikko ne. Nawa ya sha iskar Matameye. A nan mai gida shi ke tashi ya ba baƙo tabarma. Ina aka taɓa fitar da mutum daga ɗakinsa don za a yi baƙi?"

Wani direba ya kawo su. Ɗaya shuɗi, mai kunya, kullum yana lungu kamar mai wuridi, na sa masa Malam Idi, na'ibin limaminmu. Ɗaya rawaya, bakinsa ba ya hutawa, wannan ba sai an yi shawara ba, Sani Tela ne, taubashina. Na ajiye kowa a bokitinsa su huta gajiyar hanya, ina bi ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Fada ta cika, sai dai babu mai amsawa.

Nan ne kwaɗayi ya ja ni. Na ce ranar da zan haɗa su, me zai hana in gayyato masu sunan? In sun ga abin da tele ba ta da shi, wataƙila tabarma ta dawo ƙofata. Na bi su gida gida. Na sayo tsire, na sa babbar rigar sallah. Suka zo kuwa, har da waɗanda ban gayyata ba. Zaure ya cika da sallama da tari da ƙamshin shayi.

Na miƙe na yi gyaran murya. Na ce, "Jama'a, ku dubi ikon Allah. Ko kifi a ruwa ba ya jin daɗin zama shi kaɗai. Yanzu za ku ga yadda ake karɓar ɗan'uwa." Na ɗan saci kallon Alhaji, don ya san inda maganar ta dosa. Na yi bismilla na juye baƙin.

Ko kumfar ruwan ba ta kwanta ba, ja ya fito daga raminsa kamar an harbo shi da gwafa. Ya bi shuɗi ya cafki wutsiya. Shuɗi ya shige rami, ya bi shi ya fito da shi. Rawaya ya zo kallo, shi ma ya sha nasa. Yashi ya tashi, ruwa ya gurɓace. Ni kuwa na manta da akwai mutane a bayana. Na manna fuska a gilashi na kwartsa ihu:

"Alhaji Mamman! Kai azzalumi, mai tumbin banza, saki Malam Idi! Komai sai ka haɗiye kai kaɗai? Tela, munafuki, kana gani ba za ka raba ba?"

Na zura hannu har kafaɗa, rigar sallah ta sha ruwan gishiri, hulata ta faɗa ciki, shuɗin ya samu mafaka ya shige cikinta. Sai a lokacin na ji shirun da ke bayana. Shirun da ko ƙuda ya gifta sai ya yi sallama.

Alhaji Mamman ya ajiye tsinken tsire a hankali ya ce, "Da wa kake?"

Tela, Allah ya saka mini, ya riga ya kwanta a tabarma yana shure-shure. Ya ce, "Da kifi yake, Alhaji! Jan nan kai ne. Wallahi dubi tafiyar, har cikin!"

Wasu suka tuntsire, wasu suka toshe baki da hannun riga. Da a nan aka tsaya, da na sha da sauƙi, don dariya abincina ce. Amma Malam Idi bai yi dariya ba. Ya dubi bokitan, ya dubi ƙananan kofunan shayin da na jera a gaban akwati tun kafin ranar, ya ce a hankali, "Tun yaushe kake hira da su?"

Na tsaya ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna. Na ce, "Ba kullum ba ne, Malam."

Aka watse kafin magariba. Kowa ya zo fita sai ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," kamar an zo dubiya.

Washegari na yanka tsohon gidan sauro na raba akwatin gida uku, kowa da ɗakinsa, suna hangen juna ta raga. Wutsiyar Malam Idi ta tsiro. Fada ba ta dawo ba, tana nan gaban tele. Alhaji da hanci yake amsa gaisuwata. Tela ne kawai, wani yammacin in ya gaji da keken ɗinki, sai in ji sallamarsa: "Mai fada, na zo duba takwarana. Kana ba shi abinci kuwa, ko ka haɗa shi da rowarka?" Ya zauna ya zage ni tas, ya sha shayi, ya tafi. Ranar da bai zo ba, kunnena na kan ƙofa har a kira salla.

Shawarata ga duk wanda zaure ya yi wa faɗi: ka yi hira da kifinka, babu laifi. Amma in za ka raɗa masa suna, ka nemo na mutanen wani gari, irin su Kurni, waɗanda ba za su taɓa leƙo zaurenka ba.