Rasuwar Hajiya Ja a Gonar Suruki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gona mai cike da ciyawa, iyalan Malam Mika'ilu na Inkil suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar taraktarsa, wadda kowa ya sani da Hajiya Ja. Ta rasu ranar Talata da azahar bayan gajeriyar jinya ta zafin jiki, tana tsakiyar aiki a gonar surukin mai ita, Baba Hammajoda. Ta tafi ba ta ja ko layi ɗaya a gonar maigidanta bana ba, alhali damina ta zauna, masarar maƙwabta har ta fara tsiro.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya na gaskiya. Da tsufanta Mika'ilu ya same ta a bayan wani gareji a Gwallaga, kaji na saka ƙwai a kan kujerarta. Ya kawo ta gida, ya wanke ta, ya shafa mata jan fenti da hannunsa, tun daga ranar kuma unguwa ta shiga kiranta Hajiya. Ba ta taɓa zaɓen gona ba, jigawa da fadama duk ɗaya ne a wurinta. Ta kai kayan ɗakin amare, ta fitar da motocin yashi daga laka, ba ta taɓa jiran godiya ba. Da safe ba ta tashi sai maza sun taru sun tura ta, ta haka ta sasanta mutanen da suka daɗe ba sa gaisawa. Sai ta yi tari, ƙyaƙ-ƙyaƙ-ƙyaƙ, sannan ta gyara murya ta kama dum-dum-dum. Da wannan muryar Ni'ima, matar Mika'ilu, take sanin lokacin ɗora ruwan tuwo.

Lalurarta ɗaya ce, zafin jiki. Likitanta, Istifanus bakanike, ya sha fama da ita bara. Ya taɓa fambel, wato igiyar da ke juya fanka, ya ji ya saki, ya ɗaure. Ya leƙa lagireto ya tarar ƙaiƙayi ya toshe gabansa, lakar ruwan rafi ta toshe cikinsa, ya wuni yana wankewa. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Oga Mika, tsohuwa ce fa. In ka ga allurar ma'aunin zafi ta doshi ja, ka ɗaga garma ka ja ta inuwa, ka bar ta tana numfashi a hankali har ta huce. Kada ka yarda ruwan sanyi ya taɓa ta tana huci." Mika'ilu ya haddace wannan karatu, har yana koya wa masu tarakta da ba su tambaye shi ba. Ana faɗin haka ne don kada wani ya ɗora mutuwar nan a kan jahilci.

Ranar Talatar, gonarsa ya shirya yi. Iri na zaure, taki na zaure. Baba Hammajoda kuma bai roƙe shi komai ba, ai suruki ba ya roƙo. Ni'ima ce dai ta je gaida mahaifinta, ya ce mata bana ƙasa ta yi tauri. Ta kawo maganar gida ta ajiye kusa da kwanon tuwo. Mika'ilu ya ci tuwo, ya ɗauki magana, gari na wayewa aka tura Hajiya ta kama hanyar gonar Baba.

Ƙasa kuwa ta yi tauri, laka ce mai riƙe garma, ga rana irin ta bayan ruwa wadda ke dafa mutum cikin rigarsa. Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa tare da dattawan da ya gayyato su ga aikin mijin 'yarsa. Tun hantsi allura ta fara hawa. Mika'ilu yana ganinta. Kafin azahar allurar ta jingina da ja, muryar Hajiya ta bar dum-dum ta koma ƙwas-ƙwas, ga warin ƙarfe mai zafi yana dukan hanci. Ya san abin yi sarai, ya duba gabas ya duba yamma yana neman inuwa. Itace ɗaya ne a gonar kaf, kuma surukinsa na zaune a gindinsa. Mutumin da bai taɓa shan ruwa a gaban Baba ba, yaya zai turo tarakta har bakin tabarmarsa, ya sauko ya zauna, aiki bai ƙare ba, dattawa na kallo? Ya dubi ɗan gefen da ya rage, ya shafa sitiyari, ya roƙe ta a zuci ta rufa masa asiri.

Ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani. Ta ja, ta ƙara ja, sai ta ce fuuu, tururi ya turnuƙe gabanta, ta tsaya cak. Mika'ilu ya sauko ya buɗe mata murfi don ta sha iska. Har zuwa nan, a faɗin Istifanus, suma ce kawai, da an ƙyale ta da ta farfaɗo kafin la'asar.

Sai ya hango Baba ya tashi ya nufi rijiya. Tsohon da kansa ya ja guga, ya cika bokiti, ya taho yana rangaji saboda nauyi. Tsakanin rijiyar da inda Hajiya take da 'yar tafiya, don haka Mika'ilu ya sami lokacin tunani ishasshe. Ya juya maganar ta kowace fuska, kowacce da "Baba, kada" take farawa, shi kuwa tun da ya yi aure bai taɓa jera waɗannan kalmomi biyu ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baba, da kanku?"

"Ƙishi ne ke damunta, baiwar Allah," in ji Baba, ya ɗaga bokiti ya sheƙa mata a ka.

Tas. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ba ta da ƙarfi, amma Mika'ilu ya ji ta har cikin haƙoransa. Ya ce, "Mun gode, Baba, Allah ya ƙara girma."

Istifanus ya iso a mashin da la'asar. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya ga ya koma kamar shayi mai madara, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ya bi jikin injin da yatsa har ya sami tsagar. Ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashi, ya dubi bokiti, ya buɗe baki, sai ya ji an taka masa ƙafa. Shi ma mai surukai ne a Tafawa Ɓalewa, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya cire hula ya ce kwana ne ya ƙare. Baba ya girgiza kai ya ce ba don ya yi saurin kawo ruwa ba da wuta ta kama, dattawa suka ce ƙwarai kuwa.

Marigayiya ta bar garma mai faifai, da haro na farfasa ƙasa, da tirela mai ciwon ƙafa ɗaya. Ta bar Ni'ima, wadda ta san komai ba tare da an gaya mata ba, ta rasa wanda za ta ba haƙuri tsakanin uba da miji. Ta bar Mika'ilu, wanda tun ranar yake zagaya gonarsa da hantsi hannu a baya yana kallon ciyawa na girma. Tsoro yake ji, kuma ba ya ɓoyewa. Ya bi masu tarakta gida-gida, kowa ya ce layi ya yi tsawo, sai bayan shuka ta wuce. In masara ba ta shiga ƙasa cikin makon nan ba, ruwa zai ɗauke ya bar ta ba ta nuna ba, kuma daga gonar nan gidan ke ci shekara guda.

Ana roƙon masu ta'aziyya su kame bakinsu game da bokiti. Baba ajami yake karantawa, kada wani mai neman lada ya karanta masa wannan sanarwa.

Za a janye gawar ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zuwa garejin Istifanus a Gwallaga, inda za a raba tayoyinta da batirinta ga marasa lafiya 'yan uwanta. 'Yan gwangwan da suka fara zagaye da sikeli su ji tsoron Allah su bari a share makoki.

Zaman makoki kuma ranar Asabar ne bayan sallar asuba, a gonar Mika'ilu da ke Inkil. Ba za a shimfiɗa tabarma ba. Kowa ya zo da fartanyarsa, musamman waɗanda marigayiya ta taɓa shiga gonarsu suka ce Allah ya saka. Ni'ima za ta dama kunu.

Baba Hammajoda ya riga kowa. Ya aiko ɗansa Yero da shanun huɗarsa biyu, ƙosassu, waɗanda ya bari a gida ranar Talatar saboda rana ta yi zafi. Ya haɗo da saƙo, Yero ya isar da shi a ƙofar gida yadda aka ba shi: "A gaya wa Malam ya lallaɓa min su. In rana ta take a kwance su a kai su inuwa, ko aiki bai ƙare ba. Kada kuma a ba su ruwan sanyi suna haki, yana kashe su." Mika'ilu ya ce a gaya wa Baba ya ji, kuma ya gode.

Saboda haka za a tashi daga makoki da zarar rana ta take. Allah ya mayar da alheri.