Yatsana a Kan Hular Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaisuwar surukai a Lambara. Har yau in na ga buzuzu yana wucewa sai na kau da kai.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bodinga. Da damina babur ya kayar da ni a hanyar Sifawa, kaina ya bugu, idon sawuna ya gurɗe. Ciwo ya warke, amma ya bar mini tangaɗi: da na miƙe sai in ji ƙasa tana lilo da ni. Mutanen garinmu kuwa, Allah Ya saka musu da alheri, ba sa barin mutum da ciwo babu fassara. Nan da nan aka yanke hukunci cewa malam ya fara shan maganin tari. Maganar ta hau mota ta riga ni isa Lambara, gidan Malam Ummaru, mahaifin Luba da nake nema. Sai ya aiko cewa in zo ya gan ni da idonsa kafin ya ba da 'yarsa.

Dama ina zuwa wajen wata likitar gashin ƙashi a Sakkwato, mace mai faɗa kamar hedimasta. Ita ta ce mini, "Malam, ba ƙahwa kaɗai ka riƙon mutum ba. Ido na ba jiki labari, tahin ƙahwa na ba shi, cikin kunne na ba shi. Naka kunnen ya rikice, sai mu ƙaro mashi 'yan rahoto." Ta sa ni tsayuwa ba takalmi, in kafe ido a kan wata ƙusa, in ɗora yatsa ɗaya a bango, taɓawa kawai ba jingina ba. Abin mamaki, sai lilon ya lafa. Ta ce sannu a hankali za mu janye su ɗaya bayan ɗaya, amma kada in kuskura in yar da sanda tukuna.

Ranar tafiya na jingine sandar a bayan ƙofa. (Wane saurayi ne zai je neman aure yana dogarawa kamar kakan amarya?) Na zuba babbar riga mai sitaci, ƙanen mahaifiyata Kawu Bello ya ja ni muka tafi.

Mun tarar da dattawa a kan tabarmi a gindin dogonyaro bayan la'asar. Na tuɓe takalmi, na ce a raina to ga ɗan rahoto ɗaya ya samu. Na tsuguna. Sai a nan na tuna abin da likita ba ta sa a lissafi ba: ba a kallon suruki. Kai a ƙasa, ido a ƙasa, bango kuma yana can nesa. Na lalubi ƙasa da ido har na sami wani ɗan baƙin dutse a bakin tabarma, na naɗa shi ƙusata.

Aka shiga gaisuwa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi albasa, aka koma kan gajiya ko ta dawo. Kafin a gama ƙafafuna sun mutu murus, tafin ƙafa ya daina aiko da komai.

"Tashi, malam, matso nan in gan ka," in ji Malam Ummaru.

Na kafe dutsena da ido, na yi bisimilla, na miƙe. Ina kai rabi dutsen ya fito da ƙafafu ya kama hanya. Ashe buzuzu ne yake hutawa. Ido ya bi shi, kai ya bi ido, gangar jiki da babbar riga suka bi kai. Hannuna ya yi abin da aka koya masa, ya miƙa yatsa neman bango, ya sauka daidai tsakiyar hular Malam Ummaru.

Abin takaicin shi ne, dabarar ta yi aiki. Na tsaya cak kamar turke.

Kawu Bello ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗauke hannunka, ɗan nema."

"Kawu, in na ɗauke hwaɗuwa za ni yi."

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe batun da anka yi gaskiya ne." Na ji Luba tana sulluɓe mini, ga ni tsaye ba halin motsi, hawaye sun cika idona.

Malam Ummaru bai ko girgiza kai ba. Ya ce, "Ku dakata. Na san mashaya, in sunka dahe ka sai kun tahi ƙasa tare. Wanga hannu nai ba nauyi, awa ƙuda. Malam, mi ka damunka?"

Na kwashe komai na faɗa, daga babur har ƙusa har buzuzu, yatsana na nan a kan hula.

"To mi yah hana ka tahowa da sanda?"

"Kunya, Baba."

"Ka ji kunyar icce, amma ba ka ji kunyar kaina ba?"

Dariyar da aka yi har cikin gida an ji ta. Ya jawo sandarsa ya miƙo mini, sannan na sauke yatsa, ya gyara hularsa da ta lotsa. Ya ce gara mai ciwo da ya faɗi gaskiya, a je a sa rana.

Yanzu tangaɗi ya tafi, na kai har tsayuwa a kan katifa ido rufe. Amma in na yi tuntuɓe a tsakar gida, Luba takan sunkuyo da kanta ta ce, "Bisimilla, gadon gidanmu ne." Ni dai na koyi darasi: in jiki ya nemi abin dafawa, ka ba shi tun daga gida. In ka bar shi ya zaɓa da kansa, bai san bambancin bango da suruki ba.