Turakan da Manaja Ya Kafa

"Ni da manajan wurin shaƙatawar nan babu shamaki," in ji mijin yayata, yana dukan ƙirji. "Na gama magana da shi. Ranar Asabar duk gidan nan za ku sha iska irin ta manya, kuma ba wanda zai taɓa aljihunsa."

Abokina, bari in faɗa maka ko wane ne kafin ka ɗauka da gaske yake. Labule yake sayarwa, a wani shagon da in ka sa ƙafar dama ciki sai ta hagu ta jira ka a waje. Amma a bakinsa babu babban da bai sani ba. An ɗauke wuta? Ya gama magana da su. Titi ya fashe? Ya gama magana da su. Shi ya sa muke ce masa Na-Gama a bayan idonsa. A gabansa kuwa Yaya nake cewa, don a gidansa nake cin abinci.

Kada ka zaci son iyali ne ya motsa shi. Mota ce. Motar marigayi Babanmu tana lulluɓe a gareji, kuma Mama ta ce ta gaji da ganinta tana lalacewa, za ta ba da makullin ga wanda ta ga yana da hankali. Ni ko keke sai an riƙe min, don haka Na-Gama ya lissafa ya ga babu mai hankali a dangi sai shi. Abin da ya rage kawai Mama ta gani da idonta.

Wurin shaƙatawar nan kuwa bayan layinmu yake, da ƙafa ake zuwa. Ciyawa ce da bishiyoyi da lilo, kuma tun da aka buɗe shi kyauta ake shiga. Kowa ya sani in ban da Mama, wadda ba ta taɓa zuwa ba.

Asabar da hantsi muka kama hanya. Na-Gama a gaba cikin farar riga mai sitaci, ya ɗauko wani ƙunshi a kafaɗa. Yayata da kular shinkafa, yaransu da ƙwallo, ni da kujerar Mama. Da muka iso ƙofa ya ɗaga hannu.

"Ku dakata a nan. Shiga irin wannan wuri sai da tsari."

Ya je wurin mai gadi ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi ta yi masa raɗa. Bawan Allah ya dube shi ya ce, da muryar da har masu lilo sun ji, "Malam, ka shiga mana. Wa ya hana ka?"

Na-Gama ya dawo yana murmushi. "Kun ji ko? Ya ce wa ya isa ya hana ni."

Daidai nan wata mata ta wuce mu da yara rututu, ko kallon mai gadin ba ta yi ba. Mama ta bi ta da ido.

"Ita ma ta san manajan ne?"

"Albarkacinmu suka ci, Mama. Na ce yau a bar ƙofa a buɗe."

Mama ta ce, "Allah ya saka." Yayata ta sunkuyar da kai tana nazarin takalminta.

A ciki mutane sun baje tabarmi a gindin bishiyoyi, inuwa ko'ina. Na nuna wata bishiya na ce mu zauna. Na-Gama ya kalle ni kamar na zagi kakansa.

"Cikin gayyar jama'a? Kai dai ba ka san darajar kanka ba."

Ya ja mu can gefe, inda wata ciyawa take kore shar, an kewaye ta da igiya, babu kowa a kai. Ya ɗaga igiyar ya ce Mama ta wuce.

"Baban yara," in ji yayata a hankali, "igiyar nan fa ba ado ba ce."

"Don mu aka sa ta. Ki bar mutum ya yi aikinsa."

Sai ya kwance ƙunshin. Tanti ne, da hannunsa ya ɗinka shi da ragowar labulayen da suka ƙi sayuwa: ja, kore, shuɗi, da wani mai furanni da ko makaho ba zai rataya ba. Ya kafa sandar tsakiya, sannan ya laluba aljihu, ya zazzage ƙunshin, ya sake laluba aljihu. Turakan ɗaure igiya suna gida a kan firji.

Na ɗauka a nan zancen zai mutu. Ina! Gwanin naka ya duba ƙasa ya hango wasu gajerun ƙarafa a kafe cikin ciyawar, jere da juna, kowanne da ɗan kai mai huji. Fuskarsa ta washe.

"Mama, kin gani? Har turaka ya sa aka kafa min. Mutumin nan akwai cika alkawari."

Ya ɗaure igiyoyin a jikinsu tamau. Ɗaya ƙarfen ya faɗo a tsakiyar tantin, sai ya ce wannan na rataya jaka ne, ya ajiye kujerar Mama a gefensa. Ni dai ƙarafan ba su kwanta min ba, na ce, "Yaya, anya turaka ne?" Ya ce in an zo maganar labule da igiya in riƙa yin shiru.

Gaskiya tantin ya tsaya. Mama ta zauna, aka zuba shinkafa, har ta ce wurin da sanyi. Na ga ta buɗe jaka ta ciro makullin motar tana juya shi a hannu. Na-Gama ya gani shi ma. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya fara jawabi a kan yadda mota take son mutum mai lura da ƙananan abubuwa.

Yana cikin "ƙananan abubuwa" ƙarfen tsakiya ya yi tari. Ya sake tari. Sai ya saki ruwa.

Abokina, ashe kawunan famfo ne na ban ruwan ciyawa. Na tsakiya ya fara juyi yana rabo da adalci: Mama, shinkafa, yayata, ni, ya dawo kan Mama. Na waje kuma, da yake an shaƙe su da igiya, duk suka karkato suna feshin tantin. Yara suka yi tsalle cikin ruwan suna ihun murna, su dai yau Babansu ya burge su.

"Kada kowa ya tashi," in ji Na-Gama. "Na'urar sanyaya wuri ce. Yanzu zan rage ta."

Ya danne kan famfon da tafin hannu, ruwan ya bi ta hannun rigarsa ya fito ta wuya. Ya cire hula ya toshe, hular ta tashi sama. Da dabara ta ƙare sai ya zauna a kai. Ruwa ya tsaya kamar da gaske, har ya ɗaga yatsa zai yi magana, sai labulayen da suka sha ruwa suka yi nauyi, sandar ta karye, tantin ya rufto a kansa.

Ni da yayata mun riga mun fitar da Mama. Muka tsaya bayan igiya tare da jama'ar da suka bar inuwarsu suka zo kallo kyauta. Tantin ya yi ta motsi yana gurnani, can sai ga Na-Gama ya rarrafo. Farar rigar nan ta koma ja da kore da shuɗi, fuskarsa har da fure ɗaya a kumatu.

Mama ta matse gefen mayafinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ba irin labulen da ka sayar min ba ne, ka ce ba ya zuba?"

"Mama, ruwan wurin nan ne yake da ƙarfi. Zan yi magana da manaja."

Mai gadi, wanda ya iso yana kwance igiyoyi daga famfunansa, ya ce, "Wane manaja? Manajarmu mace ce, ga ta can tana ɗaukar ka hoto."

Na ji tausayinsa, wallahi, amma dariya ta fi ƙarfina, sai da na riƙe bishiya. Mama ko murmushi ba ta yi ba. Ta share makullin da busasshen gefen zanenta, ta kamo hannun yayata ta danƙa mata.

Na-Gama ya matso yana ɗiga launi uku. "Mama, ai ba ta iya tuƙi ba."

"Za ta koya. Ita ta san abin da igiya take nufi."

"To ni fa?"

Mama ta rataya jakarta ta nufi ƙofa.

"Kai ai ba ka da matsala. Duk ranar da kake son a rage maka hanya, sai ka gama magana da ita."