Bulum a Lambun Inna Yelwa

"Lahiya lau, ɗan nema. Ina gajiyar yawon banza?"

"Babu gajiya, amarya. Ya ƙafar? Har yau ita ke sanar da sanyi kafin ya shigo gari?"

Inna Yelwa ta ɗago kai daga tsintar waken da take yi a gindin rumbu. Jikanta Sadiƙ ne tsaye, ya iso Furfuri daga Gusau da hantsi, da wani faffaɗan abu naɗe cikin buhu a hammatarsa. Ta san abin da ke tafe da shi. Shekara biyu ke nan da ya gama karatun aikin gona, aiki ya ƙi samuwa, shi ne ya ɗora ido a kan lambunta na bakin gulbi, yana son ya yi renon dashen itatuwa a ciki. Ita kuwa tun rasuwar mijinta, Malam Attahiru, ba ta sake taka lambun ba. 'Ya'yanta ma har sun yi magana da wani mai buga bulo daga Tsafe kan sayar masa da lambun, zai zo ganin wurin ranar Asabar. Bakinta kawai ake jira.

"Mi ka ɓoye cikin buhu? In lefe ne ka maida, na samu mai mota."

"Lefe? Wa zai sai tukunyar da ta sha wutar shekara tamanin?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, marar kunya. Buɗe mu gani."

Ya zare buhun. Allo ne na shago, an shafe shi da koren fenti, ga rubutun boko da farin fenti, ga zanen furanni ta gefe.

"Sunan lambuna ne. Bloom."

"Lambun wa? A'a, bari wannan tukuna. Mi ka ce?"

"Bulum."

"Bulum! Ai wanga ƙarar guga ce in igiya ta tsinke ya faɗa rijiya. Suna linzami ne, Sadiƙu. Tun ba a fara ba ka nutse."

"Turanci ne, Inna. Fure ake nufi."

"To ka ce fure mana. Bakinka ke ciwo?"

"Ai ba fure kaɗai ba. In itace ya fara huda, ita ce. In kasuwar mutum ta bunƙasa, ita ce. In yarinya ta tasa, fuska ta yi sheƙi, tana kan ganiyarta, ita ce dai."

Inna ta gyara ɗankwali ta karkace wuya. "Ashe ni Bature ke nufi."

"Ke ai naki furen a ka ya fito. Furfura a Furfuri, fari fat kamar gonar auduga."

"Allah ya nuna maka, in kana da rabo. Saura mi? Na ga bakinka na motsi, akwai wadda ka danne."

Sadiƙ ya sosa ƙeya, ya leƙa wayarsa. "Wai... in gansakuka ta rufe kududdufi, ita ma haka suke ce mata."

Inna ta tuntsire da dariya har wake ya zube daga faifai, kaji suka yo caa.

"Yanzu suna ya sami mai shi! Gansakuka, shekara biyu kwance kan ruwa, kore shar, ba a ci ba a sha."

"Inna!"

"Kai, Bature ya yi talaucin baki. Kalma guda ya ɗora mata kayan jaki uku. Mu nan kowa da sunanshi. Gero bununi yake, masara ta yi goyo ta fidda gemu, mangwaro ya yi huda, kabewa ta yi yaɗo, auduga ta fashe. Mutum in ya samu, mu ce ya haɓaka. In ya ƙi samu, mu ce Sadiƙu."

"To bari in ƙara maki. In arziki ya yalwata, shi ma bulum ne. Ke nan sunanki na rubuta a allon, Yelwa."

"Daɗin baki ba ya sayen lambu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mi za ka shuka?"

"Gwaiba, lemu, mangwaro mai aure."

"Kai da ka kasa yi wa kanka aure, kai za ka yi wa mangwaro?"

"Ai ke kika tsare ƙofa. Duk yarinyar da na nufa sai ta ce tana tsoron uwargida."

"Ƙarya kake, takalminka suke gani."

Sadiƙ ya jingine allon a jikin rumbu, ya durƙusa gabanta, ya sa hannu a aljihun riga ya fito da wani ɗan reshe. Ganyensa sabo ne, jaja-jaja, a kansa kuma ga tsintsiyar 'yan furanni masu ruwan ɗorawa.

"Kin san na ina ne?"

Ta karɓa ta kai hanci. Ta san ƙamshin. Tsohon mangwaron bakin rijiya ne, wanda Malam ya ɗaura wa aure da hannunsa shekarar da aka haifi uban yaron nan. An ce mata ya bushe, ita kuma ta yarda, don ya fi mata sauƙi da ta je ta gani.

"An ce ya mutu," ta ce a hankali.

"Ƙishi ne da kauci, tsiron nan da ke fitowa kan reshe yana shanye itace. Wata huɗu ina zuwa ina sare kaucin, ina ba shi ruwa da taki. Ban faɗa maki ba, don kar ya ƙi tashi in sa maki rai a banza. In mai bulo ya zo, Inna, shi zai fara sarewa."

Inna ta daɗe tana juya reshen. Ta kai bakin zane ta goge ido, ta ce ƙaiƙayin wake ne ya faɗa mata. Sadiƙ ya ce lallai waken bana akwai ƙaiƙayi.

"Wato sata kake shigar mani lambu."

"Miji ba ya sata a gonar matarsa."

"Miji! Ji shi kamar tsinken tsire." Ta ja numfashi, ta nuna ɗakinta da haɓa. "Shiga. Ƙarƙashin gado akwai tsohuwar jakar fata, wuƙar da kakanka ke auren itace da ita na ciki. Ka wasa ta, ta yi tsatsa."

Sadiƙ ya miƙe zumbur. "Mai bulo fa?"

"Ya tafi Kwatarkwashi, can duwatsu ba su ƙarewa. Ubanka kuma ka bar ni da shi, ni na haife shi. Amma da sharaɗi. Ɗan farko da itacen nan zai nuna, nawa ne."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya waiwayo yana danne dariya.

"Na yarda, amarya. Amma da wane haƙorin?"

Inna Yelwa ta wawuro muciya ta ɗaga, dariya ta ci ƙarfinta, hannun ya sauka.

"Tsotsa zan yi, ja'iri! Ɗauko wuƙarka ka ɓace mani da gani."