Kujerar Haƙori Tana Jiran Almakashi

Na kai Yayana asibiti a duba masa ido, aka ce ya buɗe baki.

Yaya tela ne. Shekara talatin da ɗoriya yana kan keke ɗaya a shago ɗaya, kuma da wannan keken ya riƙe ni a makaranta har na fito da digirin da nake rubuta muku ƙorafi da shi. Tun bara yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Yanzu sai ya yi minti biyar yana farautar kafar allura da zare, in ya gaji ya ƙwala wa matarsa kira. Kwanaki ya ɗinka wa wani hannun riga a juye. Mutumin bai sake dawowa ba. Likitocin da ke cire yana sau ɗaya suke zuwa mana a shekara, kuma sunan Yaya ya shiga jerin bana. A ranar saura mako bakwai. In ya rasa wannan sai baɗi, in akwai sauran shago a baɗin.

Likitan da ke tantance masu jiran aikin ya dubi takardar gwajin jini, ya dubi Yaya.

"Baba, suganka ya yi sama. A haka ba mai taɓa maka ido."

"Likita, ina shan magani. Shayi ma lami nake sha, kamar wanda ake yi wa horo. Tambayi ƙanena."

Na ce gaskiya ne, matarsa ta ɓoye gwangwanin suga a inda ita kanta ta manta. Likita ya matso zai sake haska idon, sai na ga ya ɗan ja da baya, ya ce Yaya ya buɗe baki. Ya leƙa ya daɗe.

"Tun yaushe dasashinka yake jini?"

"Ai wannan tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne, ciwo ne. Ga haƙorin baya can yana ruwa. Muddin ciwo yana ci a baki, jiki cikin yaƙi yake, suga kuwa da wuya ya sauka ana yaƙi. Shi kuma sugan yana hana dasashin warkewa. Ƙwayoyin cutar ma ba a bakin suke tsayawa ba, jini suke bi, har zuciya suna iya taɓawa."

Yaya ya ce, "Ni fa ido na kawo."

"Ido ka kawo, Baba, amma a jiki ɗaya ka kawo su. Je ka sashen haƙori."

Na ji kunya, ni mai digiri. Duk rayuwata na ɗauki baki wata ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba ruwanta da sauran jiki sai ta aika masa abinci. Amma kunyar ba ta daɗe ba, don na tarar hukuma ma ra'ayinmu ɗaya. Da na miƙa katin Yaya ta taga, Mai Kati ya turo mini shi da ɗan yatsa.

"Wannan na jiki ne. Na baki daban."

"Malam, bakin ba a jikin yake ba?"

"Ranka ya daɗe, ni kati nake bayarwa. Na gaba!"

Sashen haƙori yana can ƙurya, bayan ɗakin wanki, sai ka wuce motocin ɗaukar marasa lafiya guda biyu da suka riga marasa lafiyar cikawa. Mutum tara muka samu a kan benci, kowa ya tallabe kunci kamar masu jimamin abu ɗaya. A ciki akwai Likita, wata siririyar mata mai magana a hankali, da Sista, dattijuwar nas wadda da ganin tafiyarta ka san ta ga zuwan manya ta ga tafiyarsu. A tsakiyar ɗakin kuwa ga kujera. Jama'a, kujera! Shuɗiya, mai fitila a sama, mai hannuwa kamar gizo-gizo, da ɗan kwanon tofar da ruwa a gefe. An lulluɓe ta da leda tun daga kai har ƙafa.

Likita ta zaunar da Yaya a kan kujerar roba, ta haska masa baki da fitilar wayarta.

"Zan rubuta masa magani, zai lafa na kwana kaɗan. Amma sai an kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, an cire wancan haƙorin. Wannan kuwa aikin kujera ne."

Na ce, "To ga kujera."

"Ba a ƙaddamar da ita ba."

Sista ce ta ƙarasa mini labarin. Wata goma sha ɗaya ke nan da kawo kujerar, tare da takarda mai hatimi cewa kada wanda ya kuskura ya cire ledar sai Mai Girma Mai Almakashi, Garkuwar Lafiyar Talakawa, ya zo ya yanke ƙyalle. Sau huɗu ana sa rana yana ɗagawa. Tsohuwar kujerar, wadda duk da ƙararta tana aiki, an fitar da ita tun ranar farko saboda za ta ɓata hoto. Wutar da za ta ja sabuwar kuma ba a jawo ta sashen ba tukuna, tana cikin kashi na biyu na shirin.

Ina so in yi adalci a nan. Wannan tsari ne mai hikima, kuma duk wanda ya ƙirƙiro shi ya cancanci lambar yabo. Kujerar da ba a zauna a kai ba ba ta lalacewa. Wata goma sha ɗaya ba a samu ko mutum ɗaya da ya yi ƙorafin an cire masa haƙori da zafi ba. Wane asibiti ne a duniya zai iya bugun ƙirji da irin wannan?

Maƙwabcina Mai Faci ma haka ya gani da na kai masa kuka.

"Malam, ku 'yan boko kun fiye gaggawa. In talaka ya zauna a kujera kafin biki, me za a ƙaddamar? Gwanjo?"

"To Yaya fa?"

"Kawo shi. Ina da filaya, minti biyu na gama."

"Mai ciwon suga ne, ka kashe mini shi?"

"To ya jira Mai Girma. Na ji an ce ya yi tafiya waje."

"Yin me?"

"A duba masa haƙori."

Mako biyu muka yi a haka. Maganin ya lafar da kumburin, sugan ya ƙi motsi. Yaya ya daina zuwa shago da wuri, sai ya zauna a ƙofar gida yana kallon titi da ido ɗaya. Rannan ya ce mini, "Ƙane, in abin bai yiwu ba ka nemo wanda zai ɗauki keken nan, kada ya yi tsatsa."

Ranar Talata sai ga wayar Sista.

"Jibi Mai Girma zai zo, wannan karon da gaske, har an fara fentin duwatsu. Ka kawo Yayanka da safe, ya karya, ya sha maganinsa. Ku biyo ta bayan ɗakin wanki."

Da na nemi bayani ta ce in saurara da kyau. Za a kawo janareto a mota saboda lasifika da fankoki, za a ja waya zuwa sashen don fitilar kujera ta kama a hoto. Da an gama hoto janareto zai bi ayari. Masu tsara biki za su tsare ɗakin tun safe, amma da Mai Girma ya hau mumbari duk za su fice, don ba wanda zai yarda a yi taro ba a ga fuskarsa a gaba ba. Daga fara jawabi zuwa yanke ƙyalle, ɗaki yana da wuta, ba kowa a ciki.

"Likita tana bukatar minti hamsin."

"Jawabin minti nawa ne?"

"Shafi huɗu. Minti goma sha biyar, in ya yi tari."

"Sauran talatin da biyar fa?"

"Ba kai ne mai ilimi ba? Ka san yadda za ka yi."

Masu karatu, kun san ni. Shekara nawa ina zagin 'yan tafi a wannan shafi, ina kiransu masu tafin hannun haya. To ranar Alhamis da ƙarfe goma, bayan na damƙa Yaya a hannun Sista ta baya, ina layi na biyu a ƙarƙashin rumfa, cikin rigata mafi kyau, Mai Faci a hannun damana, matar Yaya da ƙawayenta shida a bayana. Na gaya musu ko numfashi ya ja su tafa.

Mai Girma ya iso da motoci goma sha uku. Ya hau, ya gyara tabarau, ya ce, "Jama'a," muka tafa. Ya ce, "A yau," muka tafa har da miƙewa. Ya dube mu da mamaki, sannan da ƙauna. Da ya kai inda aka rubuta masa cewa lafiyar baki ita ce ƙofar lafiyar jiki duka, wanda gaskiya ne, Allah ya saka wa wanda ya rubuta, sai na tashi na ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, na baya ba su ji ba! A maimaita!"

Ya maimaita. Mai Faci ya ce na gefe ma ba su ji ba. Ya sake maimaitawa, wannan karon da ɗaga yatsa. Duk da haka shafi na huɗu ya ƙare a minti na ashirin da shida. Na saci kallon tagar sashen, na ga Sista ta ɗaga labule tana girgiza kai. Wani mai kwat ya riga ya taho da almakashi a kan faranti.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Allah ya ja zamanin Mai Girma! Talakawa suna da roƙo ɗaya. Suna so su ji daga bakinka yadda aka yi wannan tunani ya zo maka."

Mai kwat ya harare ni kamar zai cinye ni ɗanye. Amma Mai Girma ya ɗaga masa hannu. Ya ninke takarda, ya cire tabarau, ya yi murmushin mutumin da ya shekara ashirin yana jiran a yi masa wannan tambayar. Ya fara daga ranar da aka haife shi.

Mun ji yadda yake tafiya makaranta ba takalmi. Mun ji malamin da ya ce ba zai zama komai ba, da inda malamin yake yanzu. Lasifika ta rufe ƙarar injin da ke aiki a bakin Yaya, sai sau ɗaya, daidai lokacin da Mai Girma ya tsaya shan ruwa, aka jiyo wani dogon "Wayyo!" daga bayan gini. Kawuna suka fara juyawa. Mai Faci ya yi tsalle ya ce, "Wayyo daɗi! Wayyo Mai Girma!" Mata suka amsa, taro ya ɗauka. Wannan mutum ban taɓa sanin darajarsa ba sai ranar.

Yana cikin labarin aurensa na ga farin tawul a rataye a taga, alamar da Sista ta ce za ta ba ni in an gama. Na sauke hannuwana, sun yi ja kamar an dafa su.

Kafin ayari ya zagayo, an goge kujera, an mayar da leda, an fitar da Yaya ta ƙofar baya da auduga cike da kunci. Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka yaye leda, fitila ta kama, aka yi kabbara da tafi. Sai ya ce shi zai fara zama. Ya kishingiɗa, ya gyara zama.

"Likita, kujerar nan har ɗumi gare ta."

Likita ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Sabon samfuri ne, ranka ya daɗe."

Ya ce a rubuta wannan a rahoto. Kafin masu hoto su gama naɗe wayoyinsu, janareto ya kai bakin ƙofar asibiti.

Ba zan ce muku na fito da farin ciki zalla ba. A kan bencin nan na baya na wuce mutanen da muka tarar ranar farko, sun ƙaru. Akwai wata mai tsohon ciki da dasashinta ke jini, akwai wani dattijo da kumburi ya rufe wa ido. Sun ji an ce yau za a buɗe kujera, suka zo tun asuba. An buɗe ta kuwa. Sista ta fito tana ba su haƙuri, tana cewa wuta tana kashi na biyu. Yaya ya samu ne don yana da ƙane mai baki da maƙwabci marar kunya, kuma ban san a wane littafin kiwon lafiya aka rubuta wannan a matsayin hanyar samun magani ba.

Mako huɗu ke nan yanzu. Dasashin ya daina jini, shekaranjiya aka sake gwaji, likitan ido ya dubi takarda ya ce Yaya ya zo aikin ido ranar Litinin da wanda zai riƙe masa hannu. Yayan da a da sai an yi faɗa yake taɓa buroshi, yanzu safe da dare yana bakin famfo, kuma duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce masa ya buɗe baki kafin a gwada shi.

Af, na kusa mantawa. Sista ta ce akwai na'urar hoton ƙirji a cikin leda a ɗaya sashen, kuma an sa ranar ƙaddamarwa watan gobe. Duk mai tarin da ya ƙi jin magani ya same ni a shagon Mai Faci, ya taho da mutum goma masu ƙarfin tafin hannu. Mai Girma bai gama ba mu labarin aurensa ba, kuma na yi niyyar tambayarsa yadda aka yi surukansa suka amince.