Suna na Bakwai a Fatar Tirza

"...Lafiya ƙalau, tsohon mijina. Kai fa? Har yanzu kana nan kana cinye mana abinci?"

"Ina zan je in bar ki da wannan sillan karan da kika aura? Shigo, amma ki bar surutunki a bakin ƙofa."

Tirza ce, 'yar ƙanena, ta faɗo mana da hantsi ba sanarwa, tana tsokanar kakanta. Babana Mori Sa'adya shekararsa tamanin da uku, kuma rabin ƙofofin unguwarmu a garin Rosh Ha'ayin rubutun hannunsa ne a jikinsu. Shi ke rubuta mezuza, 'yar fatar nan mai ayoyi da muke naɗewa mu kafa a jikin ƙofa. Tun da innarmu Badra ta rasu bara bai sake taɓa alƙalami ba, sai da Tirza ta sa ranar tarewarsu a sabon gida, Alhamis ɗin nan mai zuwa. Nan ya ce ba hannun da zai rubuta tata sai nasa.

Abin da ba ta sani ba, ni na sani. Sau bakwai Sunan Ubangiji ke zuwa a cikin mezuza, kuma sau biyu ke nan hannun Baba na rawa a kansa, tawada ta ɓata harafi. Sunan kuwa ba a kankare shi. Fatar gaba ɗaya sai akwatin abubuwan da za a binne. Ya ce mini in ta ukun ta lalace zai karya alƙalamin karansa, shi da rubutu har abada. Shi ya sa na hana gidan motsi. Na kashe rediyo, na kai agogon bango ɗakina, ko cokali sai a kan tsumma nake ajiyewa. Yau saura Suna ɗaya da 'yan kalmomi, sai ga wannan mai baki kamar injin markaɗe.

"Ina kayana?" in ji ta, tana leƙa teburin.

"Matar da ta gudu ta bar ni har tana da bakin tambayar kaya?"

"Dole in gudu. Shekara ashirin da shida ina jira ka fitar da haƙora, shiru kake ji."

"Haƙorana na nan cikin kofi, kuma sun fi na mijinki fari."

"Yauwa, kai da ka fara rubuta Sunan tun ba a haifi ubana ba, faɗa mini yadda ake kiransa."

"Hashem."

"Wannan ai 'Sunan' kawai ka ce. Kamar in tambaye ka sunan unguwa ka ce mini unguwa."

"A wurin addu'a, Adonai."

"Wannan kuma 'Ubangijina' ne. Haruffa huɗun nan nake tambaya. Ba ka sani ba, ko? Kai, tsoho, an ji kunya!"

"A zamanin da, babban limamin Haikali ma sai ya yi wanka ya sa fararen kaya kafin ya buɗe baki da shi a ranar kafara. Ke kuma da bakinki mai warin hulba kike so in ba ki?"

"Hulbar gidanka ce. To ni malaminmu na jami'a ya faɗa mana. Ya rubuta a allo, har da wasulansa."

"Shekara kusan dubu biyu ba kunnen da ya ji shi, sai malaminku mai gajeren wando? Da ya gama rubutawa a allon, me ya yi?"

Tirza ta ɗan sosa kunne. "Ya goge."

"Da tsumma?"

"Da tsumma."

"Shi ke nan. Wanda ya san shi ba ya goge shi."

"In faɗa maka abin da ya ce?"

"Faɗa, in sa Goggonki ta wanke miki baki da barkono."

"To ma'anarsa fa? Ko ita ma tana cikin kofi tare da haƙoran?"

"Ya kasance, Yana nan, zai kasance. Wannan ya ishi mai hankali."

"Ashe da sauran wani abu a ƙarƙashin furfurar nan. To ƙarasa mini in gani, saura kaɗan ai."

Na yi wuf na miƙe. Na kama hannunta na ce ta zo kicin, akwai fanke a wuta. Ta fizge.

"Goggo Hamama, ba inda zan je. Ba an ce in marubuci ya fara Sunan, ko sarki ne ya gaishe shi ba ya amsawa ba? Yau zan amayar da duk abin da ke cikina, ba mai ramawa."

Na yi mata ido, na yi mata hannu, ko kallona ba ta yi ba. Baba kuwa girman kai ba zai bari ya ce wa jika ta fita don yana tsoro ba. Ya gyara zama, ya tsoma kara a tawada, ya rubuta kalmar da ke gaban Sunan. Sannan ya faɗa a fili, yadda aka saba: "Ga ni zan rubuta domin tsarkin Sunan." Ina kallon bakin alƙalamin yana kaɗawa a saman fata. Wallahi ji na yi kamar in rufe ido in fita da gudu.

Sai Tirza ta jingina da ƙofa, ta riƙe ƙugu, ta buɗe wuta.

"Mutumin da gahawarsa kamar ruwan wanki! Mutumin da in ya yi minshari maƙwabta ke fitowa duba babur! Hular nan taka ta girmi titin unguwar nan. Kai ne ka cinye burodin Asabar cikin tukunya ka ce kyanwa ce, kyanwar da ta iya mayar da murfi! Kai ne ka sayo kifi ka manta shi a aljihun riga kwana uku..."

Sai na tuna. Nan daidai innarmu ke tsayawa, a wannan ƙofar, da hannu a ƙugu. Shekara hamsin tana zazzaga masa faɗa yana rubutu, ko ɗago kai ba ya yi. Har maganar kifin tata ce. Na dubi hannun Baba, sai na ga ya daina rawa. Harafi na fari ya sauka, na biyu ya bi shi, na uku, na huɗu, kowanne baƙi wuluk a mazauninsa. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen ayar.

Ya ajiye kara, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge ido da bayan hannu. Ni kam kuka nake yi sosai, ban ɓoye ba.

"Hamama," in ji shi, "dawo mini da agogona, ki kunna rediyon nan. Shirunki ya kusa raba ni da sana'ata."

Ni da na yi sati biyu ina sanɗa a gidan ubana kamar ɓarauniya, wannan ce godiyata.

Tirza ta dube shi, ta dube ni. "Me na yi kuma? Wai kuka kuke yi don na zagi hula?"

Baba ya fashe da dariya har yana tari. "Kin ci, ja'ira. Bakin kakarki ne sak aka ɗora miki. In tawada ta bushe ki ɗauki kayanki. Gidan naku ƙofa nawa ne?"

"Biyar. Sauran huɗun za mu saya a shago."

"Ki saya a shago ina da rai? Ki zo gobe da hantsi. Kuma surutun nan kada ki bar ko kaɗan a bakin ƙofa, ki shigo mini da shi gaba ɗaya."